Babi na Bakwai: Bitamin D da Murar Borin Jini

Mura iri biyu ce mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: ƙwayar cuta ta shiga, jiki ya yi ɗumi, maƙogwaro ya yi kaushi, majina ta yi kauri, bayan mako guda ko kwana goma ta kama gabanta. Ta biyu ba ta da ranar tafiya. Mai ita yakan tashi da asuba ya yi atishawa goma a jere kafin ya kai ga buta. Ruwa tsararo na zuba daga hanci, ido na ƙaiƙayi yana hawaye, ganɗa na ƙaiƙayi har cikin kunne, amma babu zazzaɓi. In yaro ne, za ka ga yana yawan tura hanci sama da tafin hannu, har wani siririn layi ya fito a kan karan hancin. Da dare yana barci baki buɗe, da safe yana gyangyaɗi a aji, malam ya ɗauka lalaci ne. Wannan ita ce murar borin jini, kuma an kiyasta kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da ita a duniya.

Ciwon da ba ya kisa amma ya ƙi warkewa shi ne kasuwar masu tallar magani. A 'yan shekarun nan, abin da aka fi yi wa masu wannan mura talla shi ne bitamin D. Ana cewa ƙarancinsa ne tushen matsalar, wai da zarar ka cike giɓin, atishawa ta ƙare. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin masana na gaske sun bi diddiginta shekara da shekaru. Sai dai abin da suka samo bai kai girman abin da ake yayatawa ba, kuma wanda zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya cancanci a gaya masa inda gaskiyar ta tsaya.

Abin da ke faruwa cikin hanci

Tun ƙarni na goma, babban likitan nan Abubakar al-Razi, mutumin garin Rayyu na ƙasar Farisa, ya rubuta ƙasida kan dalilin da ya sa wani malami ke kamuwa da mura duk lokacin da furen wardi ya buɗe. A 1819 wani likita a Landan, John Bostock, ya bayyana ciwon dalla-dalla bisa abin da yake ji a jikinsa. Sai a 1873 Charles Blackley na Mancesta ya kama mai laifin. Ya riƙa sa garin furen ciyawa a hancinsa, ya tsaga fatarsa ya shafa, wurin ya kumbura ya yi ja. Daga nan aka tabbatar cewa abin da ke yawo cikin iska ne ke tayar da ciwon.

Yadda yake tayar da shi bai fito fili ba sai wajen 1966, lokacin da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da wasu masana a Uppsala ta ƙasar Suwidin, suka gano wani sinadarin garkuwar jiki da aka sa wa suna IgE. Jikin mai borin jini yakan ƙera wannan sinadari domin yaƙar abin da ba shi da wata illa: bununin hatsi da garin furen ciyawa, kashin wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zaune cikin katifa da matashi, ɓurɓushin jikin kyankyaso, gansakuka, gashin kyanwa. Sinadarin yakan manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a fatar cikin hanci. Da abin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin su fashe da sinadarin histamin cikin 'yan mintuna. Shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da yoyon ruwa. Bayan wasu sa'o'i kuma wani ayarin ƙwayoyin jini ya iso, hanci ya kumbura ya toshe. Wannan zango na biyu shi ke hana barci.

Ciwon, ke nan, ba rauni ne na garkuwa ba. Garkuwar ce ta yi zafin kai, tana kai hari inda bai kamata ba. Duk maganin da aka ce yana “ƙara ƙarfin garkuwa” bai ma fahimci matsalar ba. Abin nema shi ne wanda zai kwantar da ita, kuma ta nan ne bitamin D ya shigo zancen.

Me ya haɗa bitamin D da garkuwar jiki?

Da ƙashi aka fara sanin bitamin D. A biranen Turai masu hayaƙin masana'antu, yara sun riƙa tasowa da lanƙwasassun ƙafafu da laushin ƙashi. A 1919 Edward Mellanby ya nuna man hantar kifi na warkar da irin wannan ciwo a jikin karnuka, a 1922 kuma Elmer McCollum ya tabbatar cewa wani sinadari ne na daban a cikin man, aka sa masa harafin D. Daga baya aka gane jiki na iya sarrafa shi da kansa. In hasken rana ya sauka a fata, wani ɓangare nasa da ido ba ya gani yakan juya wani dangin kitse da ke cikin fatar zuwa bitamin D. Hanta ta karɓa ta yi masa gyara na farko, wanda shi ake aunawa a gwajin jini. Ƙoda ta yi masa na biyu, sannan ya fara aikinsa na taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci.

Abin da ya ja hankalin masu binciken borin jini shi ne gano cewa ƙwayoyin garkuwar jiki su ma suna da wurin karɓar wannan sinadari, wasunsu ma na iya yi masa gyaran ƙarshe ba tare da jiran ƙoda ba. A ɗakin gwaji an ga yana ƙarfafa rukunin ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran su daina faɗa. A 2006 wani bincike da mujallar Science ta buga ya nuna yana sa ƙwayoyin su fitar da wani makami da ke kashe ƙwayar tarin fuka. Sannan aka duba jinin jama'a a ƙasashe da dama, aka ga sau da yawa masu murar borin jini, musamman yara, bitamin D ɗinsu ya fi na sauran ƙasa. A 2007 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Augusto Litonjua da Scott Weiss, suka gabatar da hasashen cewa yawan zaman ɗaki da ƙarancin bitamin D na iya zama dalilin yaɗuwar asma a wannan zamani.

Hasashe ne mai ma'ana, amma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Yaron da ƙura da fure ke tayar wa da ciwo, iyayensa kan hana shi fita wasa, don haka rana ba ta taɓa shi sosai. A nan ciwon ne ya jawo ƙarancin. Mai ƙiba ma yakan kasance da ƙarancin bitamin D a jini, domin kitse na riƙe shi, kuma ƙibar da kanta na tafiya da matsalolin numfashi. Akwai ma binciken da ya nuna akasin hasashen. A arewacin Finlan an bi rayuwar dubban jariran da aka haifa a 1966, aka tarar waɗanda aka riƙa ba bitamin D a kai a kai suna jarirai sun fi sauran samun murar borin jini da suka kai shekara 31. Shi ma wannan bai tabbatar da cewa bitamin ɗin ne ya jawo ba. Ya dai nuna cewa duba jama'a kawai ba zai raba gardama ba.

Abin da gwaji ya nuna

Hanya ɗaya ce ke raba irin wannan gardama. A tara marasa lafiya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai cikinta, kada majiyyaci ko likita ya san wa ya samu wanne, sannan a ƙirga sakamako.

An yi irin wannan gwaji kan murar borin jini. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambato shi ne na birnin Mashhad na Iran, wanda aka buga a 2019. An ɗauki mutum 80 masu wannan mura waɗanda gwajin jini ya nuna suna da ƙarancin bitamin D. Dukkansu an ba su maganin borin jini mai suna cetirizine, sai aka ƙara wa rukuni ɗaya bitamin D ma'auni 50,000 na IU sau ɗaya a mako. Bayan mako takwas, waɗanda suka samu ƙarin sun fi samun sauƙi. A birnin Lodz na ƙasar Folan ma an gwada ƙara bitamin D ga yaran da ake yi wa maganin saba wa jiki da garin furen ciyawa, aka ga alamar amfani.

Abubuwa uku ne ya kamata mai karatu ya lura da su. Mutanen Mashhad tun farko suna da ƙaranci, saboda haka sakamakon bai shafi wanda jininsa ke cike ba. Babu wanda aka cire wa maganinsa na asali aka bar shi da bitamin kaɗai. Kuma gwaje-gwajen wannan fage ƙanana ne, mutane gommai, makonni ko 'yan watanni, kowanne da nasa ma'auni da tasa hanyar auna sauƙi, ga shi kuma ciwo ne mai hawa da sauka da kansa bisa sauyin yanayi.

Tarihin bitamin D ya koya mana mu yi hattara da ƙananan gwaje-gwaje masu daɗin ji. A 2016 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta ce bitamin D na rage tashin asma mai tsanani. Da aka samu ƙarin gwaje-gwaje, ta sake nazari a 2023, ta ce ba ta ga wannan amfanin ba. Litonjua da Weiss da kansu sun gwada hasashensu a Amurka: sun ba mata masu ciki ma'auni 4,400 a kullum, suka bi 'ya'yan da aka haifa. A shekara uku an ga 'yar alamar raguwar shessheƙar ƙirji, a shekara shida bambancin ya ɓace. Babban gwajin nan mai suna VITAL ya ɗauki mutum 25,871, ya ba rabinsu ma'auni 2,000 a kullum fiye da shekara biyar, bai ga raguwar kamuwa da cutar kansa ko bugun zuciya ba. Yawancin waɗanda suka shiga gwajin dama ba su da ƙaranci.

Bitamin D kamar gishiri yake a miya. In babu shi, kowa zai ji, kuma ɗan kaɗan zai gyara tukunyar. In ya riga ya ji, ƙari ba ya ƙara daɗi, in aka zarce ma sai a ɓata miyar. Wannan ne ya sa manyan ƙa'idojin da likitocin duniya ke bi wajen kula da murar borin jini ba su sa bitamin D cikin jerin magungunanta na yau da kullum ba.

Mu da muke cikin rana

Kusan duk wannan bincike an yi shi ne a ƙasashen da ba namu ba, kuma a Finlan ko Ingila rana takan yi rauni watanni da dama har fata ta kasa sarrafa komai. Mu a nan rana ba ta yanke mana. An auna jinin 'yan ƙabilun Masai da Hadza na Tanzaniya, masu yini a waje, aka samu bitamin D ɗinsu ya ninka abin da hukumomin lafiya ke ɗauka isasshe. Amma yawan rana a sama bai ba kowa tabbaci ba. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike daga sassan Afirka, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na ƙasa da ma'aunin da ake so, kuma abin ya fi yawa ga mazauna birni da mata da jarirai sabbin haihuwa. Baƙar fata na buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta sarrafa adadi ɗaya. Hasken da ya ratso gilashin taga ko na mota ba ya wannan aiki. Gidanmu na da, mai faɗin tsakar gida, yana ba matar da ba ta fita damar shan rana tana shanya ko tana daka. Gidan zamani da aka rufe ruf ba ya ba ta wannan dama. Ma'aikacin da ke fita daga ɗaki ya shiga mota ya shiga ofis, shi ma haka.

Akwai darasi a abin da aka gano a Jos. Likitoci sun daɗe suna ganin yara masu gwame da ƙafar baka a garin da rana ba ta yi ƙaranci ba. Tom Thacher da abokan aikinsa suka raba yara 123 gida uku: wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba, domin abin da ya yi ƙaranci a abincinsu ke nan. Ciwon da littattafan Turai suka jingina wa bitamin D kacokan, a Jos wani abu ne ke haddasa shi. Haka ya kamata mu yi tunani kan hancinmu. Wanda murarsa ke tashi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe Kano da Damagaram da hazo, ya fara tuhumar ƙurar da bushewar iska. Wanda tasa ke tashi lokacin da hatsi ke bununi ko ranar sussuka da shiƙa, ya san inda zai duba. Wanda tasa ba ta da lokaci, ya duba katifa da kafet da labule da kyankyasai da hayaƙin turare da na maganin sauro.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Mutane na ɗauka duk abin da aka kira bitamin ba ya cutarwa. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar wasu 'yan uwansa, taruwa yake a kitsen jiki. In ya yi yawa, kalsiyam ya hau a jini, sai tashin zuciya, ƙishirwa, yawan fitsari, rikicewar tunani, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar. A Ostireliya an ba tsofaffin mata ma'auni 500,000 sau ɗaya a shekara don a kare ƙashinsu, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna sun fi sauran faɗuwa da karaya. Hukumar masana lafiya ta Amurka ta tsayar a 2011 cewa jariri na buƙatar ma'auni 400 a rana, mai shekara 1 zuwa 70 yana buƙatar 600, wanda ya haura 70 kuma 800, sannan kada babba ya wuce 4,000 a rana ba tare da kulawar likita ba. Ƙwayar 50,000 da aka yi amfani da ita a Mashhad magani ce ta mako-mako, na ɗan lokaci, ga wanda aka auna. Wanda ya saye ta a kemis ya riƙa haɗiya kullum yana jefa ƙodarsa cikin haɗari.

Abin da ke aiki

Babbar asarar da nake tsoro ba ta kuɗin bitamin ba ce. Ita ce mutum ya yi wa rogo kallon kitse, ya bar maganin da aka tabbatar yana aiki. Ga mai yawan toshewar hanci, babu abin da ya kai maganin fesawa mai rage kumburi, irin su beclomethasone da fluticasone da mometasone. Da yawa sun gwada sun ce bai yi musu ba, alhali yadda suka fesa ne bai yi daidai ba. A fara fyace hanci, a girgiza kwalbar, a ɗan sunkuyar da kai. A riƙe da hannun dama a fesa a ƙofar hagu, da hannun hagu a fesa a ta dama, bakin kwalbar na kallon wajen kunne, ba tsakiyar hanci ba. A shaƙa a hankali, domin in aka zuƙa da ƙarfi maƙogwaro zai tafi. Kuma ba ya aiki nan take: yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci mako biyu ana fesawa kullum, kafin a ga cikakken amfaninsa. Wanda ya san lokacin tashin murarsa ya fara mako biyu kafin nan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga atishawa da ƙaiƙayi, cetirizine da loratadine sun fi tsofaffin magunguna irin su Piriton, waɗanda ke sa barci, abin da ke da haɗari ga direba da ɗan acaɓa, kuma ke dakushe ɗalibi. Magungunan ɗigawa masu buɗe hanci nan take, irin su Otrivin, kada a wuce 'yan kwanaki ana amfani da su, domin bayan haka hancin kan ƙara toshewa ya koma ba ya buɗewa sai da su. Wanke hanci da ruwan gishiri na taimakawa ƙwarai, kuma ba baƙon abu ba ne ga mai shaƙa ruwa a alwala: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi na gishiri a shafe. A shanya katifa da matashi a rana, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe ƙura, a sa takunkumi ranar hazo.

Bitamin D yana da gurbinsa bayan waɗannan. Wanda ba ya samun rana, mai ciki ko mai shayarwa da ke yini a ɗaki, tsoho, mai ƙiba sosai, mai ciwon ƙashi da raunin gaɓoɓi, mai shan wasu magungunan farfaɗiya ko na tarin fuka, ya dace ya tuntuɓi likita. In an samu ƙaranci a gyara shi, domin ƙashinsa na buƙata ko da ba shi da mura, in hanci ya samu sauƙi a kan haka, alhamdu lillahi. Sauran jama'a kuwa, ɗan lokaci a rana bayan hantsi ya ɗaga, hannuwa da ƙafafu a buɗe, tare da ƙwai da kifi mai maiƙo irin sadin da titus, ya wadatar.

Alamomi kaɗan ne ke cewa a bar kemis a nufi asibiti: toshewar ƙofar hanci ɗaya tak, jini a majina a kai a kai, ciwon fuska da zazzaɓi, ko tari da shessheƙa cikin dare. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, domin hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma mafi yawan masu asma suna da murar borin jini. Yaron da ke atishawa da safe yana tari da dare, a kai shi a saurari ƙirjinsa kafin a saya masa kowace ƙwaya.